Idan gobara ta tashi a gida, me za a fara ɗauka?

Uwargida, Gwale:
Assalamu alaikum. Hunturu ya kama, kuma kowa ya san lokacin gobara ne a Kano. Idan wuta ta tashi a gida ko a maƙwabta, bayan an fitar da yara, me ya kamata a ɗauka? Takardu, gwal ko kuɗi?

Ɗan kwana-kwana mai ritaya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ya danganta da inda wutar take.

In a cikin gidanku ce, hayaƙi kuma ya fara saukowa daga sili, ba a ɗaukar komai. Katifar soso da kushin da silin roba suna fitar da baƙin hayaƙi mai guba, shi ke kayar da mutum tun wuta ba ta taɓa shi ba. A fita da rarrafe, don iska mai kyau tana ƙasa, a ja ƙofar ɗakin a rufe saboda kada wutar ta samu iska. A waje a kira kowa da sunansa. Yara in sun tsorata sukan ɓuya a ƙarƙashin gado ko bayan ƙofa, sai a ɗauka sun fita.

In a maƙwabta ce, akwai ɗan lokaci, amma ba takardu ne farko ba. A kashe wutar lantarki daga mita ko a zare fis. A rufe kan tukunyar gas, a cire tiyo, a fitar da ita tare da jarkar fetur ɗin janareta zuwa fili, nesa da jama'a. Tukunyar da ta riga ta yi zafi kuwa, kada a taɓa ta, a gaya wa 'yan kwana-kwana inda take. A kira 112, a faɗi unguwa da babban titi mafi kusa. A cikin birni lunguna da yawa motarmu ba ta shiga, don haka a tsayar da wani a bakin titi ya nuna hanya.

Akawun lauya, Fagge:
Malam ya yi bayani. Ni zan tsaya kan takardu. A auna kowacce da wahalar sake samunta. Lambar NIN ana dawo da ita ta *346# a layin da aka yi rajista da shi, katin banki kuma a sake shi a reshe. Abin jin tsoro shi ne takardar cinikin gida ko fili wadda aka rubuta da hannu, mai unguwa da shaidu suka sa hannu, wataƙila rabinsu sun rasu. Ita ba ta da kwafi a ko'ina. Sai shaidar mallaka, takardar rabon gado, takardun makaranta da fasfo. Idan suka ƙone, sai rahoton 'yan sanda da rantsuwa a kotu kafin ma a fara nema.

Tun yanzu a haɗa su cikin leda mai zif, a sa a jaka guda kusa da ƙofar fita, ba can ƙasan akwati ba. A ɗauki hotonsu a tura imel, a ajiye kwafi a gidan ɗan'uwa a wata unguwa. A ƙara maganin mai ciwon suga ko hawan jini na 'yan kwanaki.

Uwargida, Gwale:
Na gode. To gwal fa?

Maƙerin farfaru, Kurmi:
Hajiya, kar ki koma dominsa. Zallan zinare sai zafi ya kai digiri 1064 yake narkewa, ko ya narke ma yana nan, ana tankaɗe toka a same shi a sake ƙerawa. Abin da zan ƙara shi ne makulli. Gidaje da yawa kwaɗo biyu ne a ƙofa, tagogi duk ƙarfe. A rataye makullin a ƙusa ɗaya gefen ƙofa, inda yaro ɗan shekara 10 zai lalubo shi cikin duhu.