Na ce wa 'ya'yan Yayana "hafkas", uwarsu ta yi fushi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Yayana ya je karatu Ingila ya auri Baturiya, 'ya'yansu biyu. Bana suka zo Daura Sallar Gani, zuwansu na farko ke nan. Ranar da suka sauka maƙwabta suka cika tsakar gida, wata ta shafa gashin yarinyar tana tambaya, ni kuma cikin ɗoki na ce, "Ai hafkas ne." Matar Yaya ba ta jin Hausa, amma wannan kalmar ta tsince ta. Ta ɗauki 'yarta ta shige ɗaki, ko tuwon da Hajiya ta tuƙa ba ta taɓa ba. Yaya ya ce na yi katoɓara. Wallahi na ɗauka yabo ne. To me ake cewa? Ruwa biyu?

Mazaunin Landan: Ƙanwata, a can kalmar zagi ce, tana nufin mutum rabi ne, bai cika ba. Tun ƙidayar 2001 takardun gwamnatinsu "gauraye" suke rubutawa. Kuma abin ya danganta da ƙasa. A Afirka ta Kudu akwai al'umma guda da ke amsa "kalad" (wato "coloured" a Turance, masu launi) ba damuwa, ki faɗe ta a Amurka ki ga tashin hankali.

Maman Biyu: Ruwa biyu dai ita ce tamu, ni ban ga aibinta ba. Wadda za ki guje wa ita ce "barbarar yanyawa". Barbara ai ta dabbobi ce.

'Yar Ƙofar Sauri: Maman Biyu, ki yi haƙuri, wanda ke ɗaki shi ya san inda ke yoyo. Mahaifiyata Balarabiya ce, a Katsina aka haife ni. Ba kalmar ce ke min ciwo ba, yawan maimaita ta ne. A makaranta ba mai kiran sunana sai "ruwa biyun nan". Ranar da nake gardamar siyasa wani ya ce na bari 'yan ƙasa su yi magana. In bayani ake nema na yarda a ce ruwa biyu sau ɗaya. In ta zama sunana, ban yafe ba.

Malamin Islamiyya: Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana jifan juna da laƙabin da mai shi ba ya so. Ko da yabo kika yi nufi, mai laƙabin ake dubawa. Ki kira su da sunan da aka raɗa musu, ki tambayi uwar abin da suke faɗa a gidansu.

Ɗan Kusugu: A Daura ake wannan zancen? Labarin da muke ba baƙi a bakin rijiya fa, Bayajidda daga Bagadaza ya zo, ya auri Daurama. To ɗansu Bawo ruwa nawa ne?

Mai tambaya: Na gode. Na kai mata fura, Yaya ya yi mana tafinta, ta ce kawai na riƙa cewa 'ya'yan Yayana ne, babansu Bahaushe, uwarsu 'yar Ingila. Mun shirya. Sai dai yanzu Hajiya ta fara kiran yarinyar "kishiya", yaron kuma "maigida", matar Yaya tana ta tambayar me suke nufi. Wannan kam na bar wa Yaya.