Wa ya raɗa wa Najeriya suna, kuma wa aka raɗa wa?

Auwalu: Jama'a, ni dai a canza sunan ƙasar nan. Matar Gwamna Lugga ce ta raɗa mana shi, kuma ma'anarsa ƙasar baƙaƙe. Ghana ta yar da Gold Coast a 1957, Sankara ya mai da ƙasarsa Burkina Faso a 1984. Mu me muke jira?

Malam Sani: Auwalu, ka dama gaskiya da ƙarya a ƙwarya ɗaya. Flora Shaw ce, haka ne, amma lokacin 'yar jarida ce, ba matar kowa ba. Ta kawo shawarar a jaridar The Times ta Landan ranar 8 ga Janairun 1897, auren Lugga kuwa sai 1902. Daga sunan kogin Neja ta ciro shi, wanda mu muke kira Kwara.

Auwalu: To Malam, shi Nejan ba baƙi yake nufi da Latin ba?

Binta: Kama ce kawai, Yaya Auwalu. Masana da dama sun fi karkata ga kalmar Buzaye, "egerew n-igerewen", wato kogin koguna.

Ɗan Maraɗi: In kun canza ku sanar da mu, don mu ma Nijar daga kogin nan muka samu namu 😂

Malam Sani: Ga abin da ake mantawa. Yankin Royal Niger, kamfanin cinikin Turawan Ingila na George Goldie, Flora Shaw ta yi nufi da sunan, domin a bambanta shi da Legas da bakin teku. Ke nan can farko sunan ya fi shafar Arewa. A 1900 aka yi Najeriya ta Arewa da ta Kudu, Lugga ya haɗe su ranar 1 ga Janairun 1914, aka tafi da sunan har 'yancin 1960.

Binta: Malam, a gafarce ni, nan kam ban yarda ba. A 1897 ikon kamfanin a bakin kogi yake, su Lakwaja da Asaba. Kano da Sakkwato sai 1903 Turawa suka ci su da yaƙi. An raɗa suna tun kafin a ga jaririn, ta yaya zai zama namu?

Malam Sani: Wannan gyara ne, na karɓa.

Auwalu: Kun ga? Binta ta dawo layina.

Binta: Ban dawo ba. Kawo sunan da Bayarabe, Ibo da Tibi za su amsa tukuna.