Romon kaza na ajiya: me ya sa nawa yake fitowa tsararo?

Amaryar Jidda:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena, dan Allah a taimaka min a kan romon kaza irin wanda ake dafawa da yawa a ajiye a riƙa ɗiba ana girki. Maigidana aka auna watan jiya aka ce hawan jini ya fara taɓa shi, likita ya ce a rage gishiri a rage magi, to kun san mu dai, miya ba magi kamar ba a yi ba, kwana uku ina masa girki haka yana ci yana kallona kamar na yi masa wani laifi. Sai maƙwabciyata 'yar Masar ta ce su romo suke dafawa tukunya guda su zuba a firiza, da shi suke komai har mulukiyarsu, wadda da na leƙa na ga ashe lalo ce kawai.

Na sayo kazar firiza mai giram 1000 a baƙala, wato shagon unguwa, da ledar hanta da ƙundu, na zuba duka a babbar tukunya na cika ta da ruwa na ƙure wuta kamar minti 40. Abin da ya fito wlh ba kyan gani, ruwa tsararo launin toka, ga ƙarni ga wani ɗaci ɗaci a ƙarshen harshe. Karo na biyu na ce bari na yi irin na Larabawa na watsa hel ('ya'yan ƙamshin nan na gahawa) da kirfa da lumi (busasshen lemun tsami), ƙarnin ya tafi amma da na kaɗa miyar kuka da shi sai ga kuka tana ƙamshin kabsa, dafa-dukar Larabawa, maigida ya ce wannan tuwon a wace ƙasa aka haife shi. Ragowar na bar shi a kan gas na kwanta, da asuba na buɗe murfi na tarar yana ƙananan kumfa shi kaɗai yana tsami. Ina nake kuskure ne?

Hajiya ta Shara Mansur:

Wa alaikumussalam 'yata, Allah ya ba maigidan lafiya. Na yi dariya a wajen kukar nan sai da jikata ta leƙo ta ce Hajiya lafiya.

Kuskurenki na farko kazar ce. Wannan ta firiza da kike gani jaririya ce, sati 5 zuwa 6 ake yanka su, ƙashinta ma da haƙori kike tauna shi, to me za ta ba ki? Kina kwatanta ta da kazar Hausa da ta shekara tana tono a bayan gida, wadda in aka yi wa mai jego farfesunta har maƙwabta sai sun san an yi. Na fi shekara 30 a Makka kuma har yau ban daina kewar wannan kazar ba. Amma tunda ita muke da ita a nan, dabara ake yi mata.

Romo ba daga tsoka yake samun jiki ba, daga ƙashi ne da guringuntsi da fata. Ki daina ɓata kaza sukutum. Duk ranar da kika yanka kaza za ki yi girki, ki cire gadon bayan da wuya in akwai da kan fiffiken nan da ba mai ci, ki jefa a leda ki sa a firiza, in suka taru kamar na kaji uku ko huɗu sai ki ɗora. In kin samu ƙafafun kaji kin gama, ki wanke su sosai ki datse faratan ki zuba ko guda 6 ne, su ne suke sa romo ya kama jikinsa. Hanta kuwa kada ki sake sa ta, ita ta ba ki ɗacin nan da launin toka, ki soya ta daban ki ci abinki. Ƙundu ba laifi.

Sai wuta. Da ruwan sanyi ake farawa, ruwan ya ɗan haura ƙashin da kamar yatsa biyu, ba ki cika tukunya kamar za ki yi wa unguwa sadaka ba. In ya fara zafi za ki ga wata kumfa mai datti tana tasowa, ki tsaya a kanta da ludayi kina kwashewa har ta daina, rabin ƙarnin a cikinta yake. Daga nan ki mayar da wutar can ƙasa, yadda za ki ga ƙwayar tafasa ɗaya tana fitowa ɓul, ta huta, wata ta fito. Awa 3 ko 4 a haka, murfi a ɗan karkace, kada ki juya. Ni bayan azahar nake ɗorawa in sauke dab da magariba.

Kayan ƙamshi kuma ki riƙe hannunki. Albasa ɗaya a raba biyu, citta ɗanya kaɗan, tafarnuwa, masoro 'yan ƙwayoyi, shi ke nan. Romon ajiya ba ya son a yi masa aure da wuri, ki bar shi fari yadda in kuka ce ya shiga, in kuɓewa ce ya shiga, in kabsa ce sai ki sa mata hel ɗinta a ranar.

Mai girkin Bukhari:

Hajiya barka da dare, ai kin gama magana, mu sai dai mu yi ƙari. Ƙanwata ni a kicin ɗin gidan abinci nake aiki nan Makka, kullum sai mun dafa romo saboda shinkafa, ga abin da na gani.

Awo: kilo 1 na ƙashi, ruwa lita 2, in ya gama za ki tashi da kamar lita ɗaya da rabi. Ke kin zuba wa kaza ɗaya ruwan da ya ishi kaji huɗu shi ya sa. Kuma ki je wajen masu yankan kaji da suke cire ƙirji saboda shawarma, ki tambaye su ƙashin da ya rage, yawanci da araha suke bayarwa.

Maganar ƙarni, in abin yana damunki sosai ki yi wa ƙashin tafasa ɗaya ta minti 5, ki zubar da wannan ruwan gaba ɗaya, ki ɗauraye ƙashin da tukunyar, sannan ki sa sabon ruwa ki fara yadda Hajiya ta ce. Ko kuma ki jera ƙashin a faranti ki gasa a oben har ya yi ja kafin ki dafa, romon zai fito ruwan zuma da ƙamshin gashi, wannan ya fi dacewa da dafa-duka da jar miya, amma ba na ba ki shawararsa a salig domin salig fari ake son sa. In ba ki taɓa yi ba ki gwada, abincin mutanen Hijaz ne, shinkafa ake dafawa a cikin romon har ta narke sannan a zuba madara a yi ta juyawa ta zama kamar fate mai kauri, a ɗora gasasshiyar kaza a kai a ci da daggus, wato markaɗen tumatir da barkono. Shi ne abincin da zai tona miki asirin romonki, in romon lami ne ba inda za ki ɓuya. A nan ne hel da mistika, wani ƙaro mai ƙamshi, suke da gurbi. Lumi kuma in za ki sa a wani abu kada ya daɗe a wuta, yana sakin ɗaci musamman 'ya'yan cikinsa.

In kina jin tsoron ƙarewar gas, tukunyar furesha minti 45 zuwa awa ɗaya ta gama aikin. Hajiya na san ba za ta yarda ba.

Hajiya ta Shara Mansur:

Ban yarda ba kam ɗana, tukunyar da take huci kamar maciji ba ta shiga kicin ɗina. Amma na ci na 'yata da ta yi da ita, ba laifi, gaskiya ɗaya ce.

Nas a Madina:

Salam. Ni tsamin nan da ya yi miki da asuba shi ya tsaya min a rai, Allah ya sa zubarwa kika yi. Romo abinci ne na ƙwayoyin cuta fiye da yadda yake namu, tsakanin digiri 5 da 60 suke hayayyafa, kuma tukunya babba a rufe tana iya kwana ba ta huce ba, balle a Jidda da kicin yake kamar gidan burodi. Ƙa'idar ita ce cikin awa 2 da saukewa ya shiga firji, in zafi ya yi yawa ma kada ya kai haka. Ki tace da rariya, ki raba a ƙananan robobi marasa zurfi, ko ki tsoma tukunyar a cikin baho mai ruwan ƙanƙara kina juyawa, nan da nan zai huce. A firji kwana 3 zuwa 4. A firiza wata 3 lafiya lau, sai dai kada ki cika robar har baki don ruwa yana kumbura in ya daskare, ni na taɓa fasa kwalba biyu a haka. Wanda kika narkar ki tafasa shi ki yi amfani da shi a ranar.

Sai maganar maigida. Kada ki sa gishiri ko kaɗan a romon ajiya, domin yana ƙonewa ya ragu gishirin ya taru, kuma in kin zo miya ki manta ki ƙara wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, duk abincin yini fa ba kwano ɗaya ba. Dunƙulen magi kuwa babban kasonsa gishiri ne. Abin da mutanenmu ba sa lura da shi kuma kanwa, ita ma sodiyam ce a cikinta irin na gishiri, to mai hawan jini a yi hankali da ita a kuka da kuɓewa da wake. Daddawa ki riƙe ta da kyau, ita da romo mai kyau da ɗan lemun tsami a ƙarshe suna rufe gurbin da yawa. Maganinsa dai ya ci gaba da sha, romo ba ya maye gurbin ƙwaya.

Hajiya ta Shara Mansur:

'Yar nan mu da muka tashi ba firji fa? Miya ake ɗumamawa da dare a rufe kada kowa ya sa mata hannu, da safe a sake ɗumamawa, ga mu nan da ranmu.

Nas a Madina:

Haka ne Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, mu ma a kan ɗumame aka raine mu. Sai dai wasu ƙwayoyin suna barin guba a cikin abinci wadda tafasa ba ta kashewa, kuma sau nawa aka yi ta gudawa a gida aka ce shawara ce ko sanyi? Tunda ga firji a gabanta gara ta sa kawai.

Ɗiyar Mai Wurno:

Ni daga Sudan muka zo, yanzu muna Riyad, firizarmu ƙarama ce ta saman firji ko kaza uku ba ta ɗauka. Abin da nake yi bayan na tace sai na mayar da shi wuta ba murfi ya ƙone har lita 2 ta dawo kamar kofi 2, na zuba a farantin ƙanƙara, in ya daskare na juye a leda. Ga magi na gida ke nan, guda biyu ko uku a miyar weka ta isa, busasshiyar kuɓewa nake nufi, bakinmu ya saba. Da azumi kuma shi nake jefawa a shurbar Quaker, wato romon da ake kaɗawa da oats.

Amaryar Jidda:

Na dawo da rahoto. Allah ya saka wa kowa da alheri, Hajiya Allah ya ƙara girma. Zubarwa na yi Anti Nas, ko kyanwa ban ba ba.

Na samu ƙashin kilo ɗaya da rabi a wajen mai yankan kaji da ƙafafu, na yi tafasar farko na zubar, na sa lita 3 na zauna gadin kumfa, awa 3 da rabi. Da na buɗe firji da safe sai na tsorata, na ga abu ya daskare yana rawa kamar romon ganda, cokali na tsaya a ciki, na ɗauka ya sake lalacewa har na kai shi bakin shara sai na tuna Hajiya ta ce zai kama jikinsa. Na ɗiba ludayi biyu na kaɗa kuka da daddawa, gishiri ɗan yatsa biyu kawai, maigida ya cinye malmala biyu ya ce in faɗa masa gaskiya magi nawa na sa a ɓoye.

Saura tambaya ɗaya, wannan kitsen rawaya da ya kwanta a sama ya yi tauri, na kankare shi na zuba a kofi, zubarwa ake yi ko yana da amfani?

Hajiya ta Shara Mansur:

Ki zubar? Man kaza ne 'yata. Ki soya albasa da shi ranar da za ki yi dafa-duka ko ki ɗan zuba a wake da shinkafa ki ji. Ki rufe shi a firji kada ya wuce 'yan kwanaki. Amma kwanon maigida a sa masa kaɗan, kada Nas ta zo ta kama ni.