Sabar uku a girgije: k3s ko Docker Swarm, kuma wa zai tashe ni in ɗaya ta faɗi?

ɗan_Zengo: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ke riƙe da manhajar rajistar ɗalibai ta wasu makarantun kuɗi huɗu a nan Damagaram. Na yi hayar ƙananan sabar uku a Turai, kowace RAM giga 2. Da hannu nake ɗora komai a kowace ɗaya, na gaji. Ina son abin da zai haɗa su gungu guda, yana raba musu aiki. k3s, wato ƙaramin nau'in manhajar sarrafa gungu ta Kubernetes, zan saka ko Docker Swarm, wanda shi ma aikinsa ke nan? Sannan in ɗaya ta faɗi da tsakar dare, ta yaya zan sani kafin darakta ya kira ni? Ƙarfina bai wuce jika 15 a wata ba.

injiniya_Yamai: Wa alaikumus salam. Ka bar wahalar da kanka, ka ɗauki EKS, wato Kubernetes na haya na Amazon, su ke riƙe maka kan gungun, sashen da ke sarrafa sauran. Kubernetes shi ne abin da duniya ke yi tun da Google ta sake shi a 2014.

ɗan_Zengo: Na gode injiniya, amma ka ga kuɗin da na faɗa?

Birni_kod: Bai gani ba. Kan gungun EKS kaɗai santi 10 na dalar Amurka ne a awa, wajen dala 73 a wata ke nan, ba a ma sa na'ura ko ɗaya ba. Ƙanena, da giga 2 Swarm ya fi maka sauƙi. Ka mai da duka ukun manajoji. Ƙuri'a suke yi tsakaninsu, in ɗaya ta mutu biyu sun isa su ci gaba. Kada ka yarda da manajoji biyu, ɗaya na faɗuwa sarrafa gungun ya tsaya.

malam_Sabongari: Ku bari in ba ku nawa, don har yau abin na ci mini rai. Na kafa wa wani mai sayar da magunguna a sari gungu da kubeadm, manhajar kafa Kubernetes, na'ura uku. Na sa Prometheus mai sa ido kan lafiyar na'urori, na sa Grafana mai nuna sakamakon a allo, allo ya yi kyau, kore ko'ina. Wanda bai sani ba sai ya ce na gama. Ashe takardun shaidar tsaro da kubeadm ke yi wa sassan gungun shekara guda ce ransu. Ranar da suka cika ina Mirya wajen ɗaurin auren ƙanwar matata. Da farko ba abin da ya nuna, manhaja na ta aiki. Sai aka sake kunna na'ura ɗaya, ba abin da ya tashi a kanta. To Prometheus ɗin a kanta yake zaune. Mai gadi da kayan da yake gadi ɗaki ɗaya na kulle su. Ba ƙararrawa, ba saƙo. Alhaji ne ya kira ni bayan la'asar, motoci biyu na jiran takardar kaya a ƙofar sito. Na zauna gindin bedi da kwamfuta a cinya, reso na zuwa na ɗaukewa, duk umarnin da na buga sai ya ce x509, takarda ta ƙare. Gyaran layi ɗaya ne, kubeadm certs renew all, sai a sake tada sassan kan gungun, amma sai bayan isha'i na gano. Wata na gaba ya karɓe aikin. Shekara biyu muna tare.

Birni_kod: Allah ya mayar da alheri, malam. Ɗan Zengo, ka ji amsar tambayarka ta biyu. Ka sa manhajar sa ido ta Uptime Kuma a wata ƴar sabar ta wani kamfani dabam, tana leƙa shafinka duk minti, ta turo maka saƙo ta Telegram.

ɗan_Zengo: Amin. Ta huɗu ke nan fa. Nawa za ta ci?

Birni_kod: Tawa yuro 5, wato sefa 3,280 tun da yuro 655.957 ne.

hajiya_data: Ina ka samo wannan? Ni jika 7 na biya watan jiya, kuma giga 1 ce.

injiniya_Yamai: Mai arha ba ta da tabbas. Ni ina da satifiket na CKA, na ƙwarewa kan sarrafa Kubernetes, ba a YouTube na koya ba. Swarm ya zama tsohon yayi.

malam_Sabongari: Injiniya, da girmanka, takarda ba ta tashi mutum ƙarfe 2 na dare. Wanda ya ƙone shi ya san zafin wuta.

yaro_Karkada: Ku ɗauko maigadin unguwarmu kawai, ko ɓera ya gifta sai ya busa usur 😂

hajiya_data: Ni jika 7 ɗin ma ba ita ke damuna ba, biyan ne. Sau biyu kart ɗina na ƙin wucewa, na je banki suka ce in dawo Litinin, kamfanin kuma na turo wasiƙar za su rufe sabar. Dole na roƙi ɗan yayata da ke Faransa ya biya, na ba mahaifiyarsa kuɗin a hannu. Ku da wane kart kuke biya?

Birni_kod: Hajiya, nawa ma sai da na gwada sau uku wannan watan, kuma abin da suka cire ya haura lissafina.

ɗan_Zengo: Nawa kart ɗin watan gobe zai ƙare. Hajiya, kwana nawa suka ba ki kafin su rufe?