Wane suna za mu ba manhajoji irin su Linux da Hausa?

1/ Jiya a shagon ɗab'i na yayana muna lissafin kuɗin lasisin Windows da Office na kwamfutoci takwas, sai yaron shago ya ce: "Yallaɓai, a koma manhajar kyauta mana." Linux da LibreOffice yake nufi, wato madadin Windows da Office. Aka bar lissafi aka shiga gardamar suna, wato me za a kira "open source" da Hausa, manhajar da rubutun da aka gina ta da shi yake a buɗe ga kowa.

2/ Ni dai "kyauta" ba ta kwanta mini ba. WhatsApp kyauta ake sauke shi, amma wa ya taɓa ganin rubutun da aka gina shi da shi? Kamfanin Red Hat kuwa, mai yin wani nau'in Linux, rubutun manhajarsa a buɗe yake, kuma sayar da hidima yake yi, har IBM ta saye shi kan dala biliyan 34 a 2019. Ɗan kasuwar da ya ji "kyauta" zai manta da kuɗin mai gyara da na koya wa ma'aikata. Hukumar birnin Munich na Jamus ta koma Linux, sannan a 2017 majalisarsa ta zaɓi komawa Windows.

3/ Wani dattijo da ya zo buga katin biki ya ce a kira ta "manhajar gayya". Wallahi ta yi daɗi a baki. Sai dai, Baba, a gayya gonar ta mutum ɗaya ce, ku ku sha fura ku watse. A nan kowa na iya ɗaukar amfanin ya tafi da shi. Kuma Linux ɗin da Linus Torvalds ya fara a 1991, yawancin masu rubuta shi yau ma'aikatan kamfanoni ne masu karɓar albashi.

4/ 'Yan uwa na Nijar sun huta, Faransanci ya raba "libre" (mai 'yanci) da "gratuit" (na kyauta). Idan aka bi "libre" za a ce "manhaja mai 'yanci", wadda ta fi dacewa da aƙidar Richard Stallman, jagoran fafutukar 'yancin manhaja. Ga mai shago tana ƙamshin siyasa.

5/ Na tsaya a kan "buɗaɗɗiyar manhaja": a duba cikinta, a gyara, a raba. Kishiyarta "manhajar mallaka", domin haya kake, mai ita ke yanke farashi da ranar da zai daina kula da ita.

Yayana ya ce CorelDRAW ɗinsa dai, manhajar mallaka da yake zane da ita, ba mai taɓa masa, ko me muka kira ta.