Terminator: wai tun farko waye uban John Connor, kuma wa ya ƙera Skynet?

Ɗan Kurna ya rubuta:

Salam jama'a. Don Allah masu kallon finafinan Turawa ku zo ku raba mana gardama, tun daren jiya muke abu ɗaya ni da ƙanina har sai da Umma ta leƙo ta ce mu rage murya mutane na barci. Na sake kallon Terminator na farko ne, na 1984, rabona da shi tun muna yara a gidan kallo, lokacin ba ruwanmu da labari mu dai mu ga Kwamando, wato Arnold Schwarzenegger, ya ɗau bindiga, to yanzu da na zauna na bi labarin a tsanake sai kaina ya ɗaure.

Ga abin da ya dame ni. A 2029 John Connor shi ne shugaban mutanen da ke yaƙi da na'urori, sun kusa gamawa da Skynet, kwamfutar da ke jagorantar na'urorin, sai Skynet ta turo Terminator, wani mutum-mutumi mai siffar ɗan Adam, baya zuwa 1984 ya kashe Sarah, uwar John, tun kafin ta haife shi. Shi kuma John ya turo sojansa Kyle Reese ya kare ta. To a wannan zuwan ne Kyle ɗin da Sarah suka so juna har ta samu cikin John. Ke nan sai John ya wanzu kafin ya turo Kyle, kuma sai an turo Kyle kafin a haifi John. To wa ya riga wani?

Ban gama da wannan ba sai na tuna na biyun, na 1991, inda aka nuna ashe kamfanin Cyberdyne hannun Terminator na farko da cif ɗin ƙwaƙwalwarsa suka tsinta bayan Sarah ta matse shi da injin a masana'anta, daga nan injiniyansu Miles Dyson ya samu ilimin da zai kai ga Skynet. Wato Skynet ita ta haifi kanta. Ƙanina ya ce shirme ne kawai, masu fim ɗin ba su yi lissafi ba, ni kuma na ce ba yadda za a yi daraktan fim ɗin James Cameron ya yi irin wannan kwaɓar bai lura ba. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

Baban Sadik ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ka gaya wa ƙaninka ya sake kallon minti biyar ɗin ƙarshe na fim ɗin farko, amsar tana nan. Ka tuna hoton Sarah da Kyle yake yawo da shi a can zamanin yaƙi, wanda John ya ba shi, wanda ya ce kullum yana kallo yana tambayar kansa tunanin me take yi a lokacin da aka ɗauka? A ƙarshen fim Sarah da ciki ta tsaya shan mai a hanyar Meziko, tana magana a rikoda don ɗanta ya ji in ya girma, sai wani yaro ya ɗauke ta hoto ya sayar mata. Wannan hoton ne dai, da ƙyallen da ta ɗaura a goshi da karen da komai. Kuma a daidai lokacin tunanin Kyle ɗin take yi. Mutumin da ya shirya wannan ba za ka ce bai san abin da yake yi ba.

Labarin farko zobe ne ɗan'uwa, ba shi da kai ba shi da gindi. Babu wani John na farko, babu wani uba na daban, tun fil azal Kyle ne. John ya tashi yana sane, shi ya sa ya ba shi hoton, ya sa masa son matar a zuciya, sannan ya tura shi alhali ya san ba zai dawo ba. Ka duba nauyin abin, mutum ya kalli ubansa wanda ya girme wa a shekaru, bai isa ya ce masa Baba ba, kuma shi da kansa zai aika shi lahira. Wannan ne ya sa har gobe na fi son na ɗaya a kan sauran duk da ba shi da kuɗi a jikinsa.

Ita kuma Skynet garin neman gira ta rasa ido. Da ta haƙura ba ta turo kowa ba, da Kyle bai zo ba, da ba a haifi John ba. Amma kuma da ba ta turo ba da ita ma ba a ƙera ta ba, don har akwai wani sin da aka yanke daga fim ɗin farko inda aka nuna masana'antar da aka yi faɗan ƙarshe ta Cyberdyne ce. Ka ga tun 1984 da wannan lissafin a kansu, ba daga baya aka liƙa shi ba.

Mai Shayin Dare ya amsa:

Baban Sadik na yarda da kai amma iya na ɗaya. Da zarar ka sa na biyu zoben nan naka ya karye, kuma Cameron ɗin dai da kansa ya karya shi. Idan komai rubutacce ne ba ya canzawa, to dole ranar 29 ga Agusta 1997 Skynet ta farka ta harba wa Rasha nukiliya, Rasha ta rama, mutum biliyan 3 su mutu kamar yadda aka faɗa. Amma su Sarah sun je sun tashi ginin Cyberdyne, Dyson ya mutu a ciki da abin tayar da bam a hannunsa, hannun da cif ɗin an jefa su cikin narkakken ƙarfe, shi ma Arnold ɗin, Terminator ɗin da aka turo ya kare John a wannan karon, ya sa aka zura shi ciki. 1997 ta zo ta wuce lafiya lau. To idan Skynet ba ta wanzu ba wa ya turo Kyle ke nan? Ga John kuma yana nan da ransa bai ɓace ba.

Hanya ɗaya ce abin zai zauna, ka ɗauka duk sanda aka tura wani baya to hanya ta rabu biyu kamar mararraba, wadda ya baro tana can tana tafiya abinta, wadda ya shigo kuma sabuwa ce. A nan ne wasu masu kallo suke cewa, ni ma ina cikinsu, akwai John na asali wanda ubansa wani ne daban, ƙila wani saurayin Sarah ne na can Los Angeles, shi ya girma ya zama shugaba ba tare da an taɓa gaya masa komai ba, shi ya fara turo Kyle, sai Kyle ya zo ya shiga tsakani aka haifi wani yaro daban aka sa masa suna John don Sarah ta riga ta ji sunan a bakinsa. Ita ma Skynet ta asali mutane ne suka ƙera ta da kansu a hankali, tsintar cif ɗin gaggauta abin kawai ya yi. Wannan fa hasashe ne namu, babu fim ɗin da ya faɗa, kar wani ya zo ya ce na ce.

Matsalar ita ce kowane darakta da tasa dokar yake zuwa. Na uku da ya fito a 2003, wanda ba Cameron ya yi ba, Jonathan Mostow ne, cewa ya yi ba hana abin kuka yi ba ɗaga shi kuka yi, sai ya dawo 2004 ta hannun sojojin saman Amurka, kuma Skynet ɗin ma ba wata kwamfuta ɗaya ba ce da za ka je ka fasa, manhaja ce da ta bazu ko'ina. Ni dai ƙarshen na ukun nan yana burge ni, yadda John da Kate, wadda za ta zama matarsa, suka shiga wani sansanin soja da ake kira Crystal Peak da bama-bamai suna zaton can ne zuciyar Skynet ashe maɓoya ce aka yaudare su suka shiga don su tsira. Sauran fim ɗin kam sai a hankali. Ko shekarun John ba su iya riƙewa ba, a na biyu kwamfutar motar ɗan sanda ta nuna an haife shi 28 ga Fabrairu 1985, yana da shekara 10, a na uku yana buɗe baki ya ce yana 13 abin ya faru.

Auta ya amsa:

Hhhh ku kuna ta lissafi, ni tambayata ɗaya ce, in har Skynet tana da injin tura abu baya a zamani me ya hana ta tura Terminator ya kashe kakar kakar Sarah lokacin da ko bindigar kirki babu? Fim ya ƙare a minti goma kowa ya kama gabansa 😂

Maman Ilham ta amsa:

Auta ai an ba da amsar wannan, Kyle ya faɗa a ofishin 'yan sanda cewa yawancin takardu sun salwanta a yaƙi, Skynet ba ta san komai game da Sarah ba sai sunanta da garin da take, shi ya sa Terminator ɗin ya buɗe littafin lambobin waya ya dinga bin masu suna Sarah Connor ɗaya bayan ɗaya har ya kashe biyu kafin ya iso kanta. Wanda bai san fuskar uwa ba ina zai gano kaka.

Ni abin da ya kawo ni daban ne, Dark Fate na 2019. Wallahi har yau ban huce ba. Mun sha wahala da yaron nan fim biyu, uwarsa ta yi zaman asibitin mahaukata saboda shi, Kyle ya mutu, Dyson ya mutu ya bar mata da yaro, sai kawai a buɗe fim a 1998 a bakin ruwa a Gwatemala wani Terminator ya taho ya harbe shi a gaban uwarsa ko minti biyar ba a yi ba. Shike nan wai. Daga nan a ce ai Skynet ma babu ita yanzu sai wata Legion, mai ceton duniya kuma Dani Ramos ce. Ban ƙi yarinyar ba, ta yi ƙoƙari, kuma na ji daɗin dawowar Linda Hamilton, mai fitowa a Sarah, da furfurarta da ƙatuwar bindiga, amma ai wannan canza wa tuwo suna ne. Kuma Cameron yana cikin waɗanda suka shirya shi, wannan ya fi ɓata min rai, da wani ne da na ce bai san darajar abin ba.

Sai dai fa Mai Shayi fim ɗin nan yana bayanka. Wanda ya kashe John, wato Carl, Skynet ce ta turo shi daga zamanin da aka riga aka goge, amma ga shi nan daram a Texas har da iyali yana sana'ar labule. Labule fa jama'a. Idan zobe ne da tuni ya ɓace. Ke nan abin da ya riga ya iso ya iso, ko da inda ya fito ya rushe.

Baban Sadik ya sake amsawa:

Hajiya ba na musu da ke, amma shi Carl ɗin wata ɓarakar ce. Kyle ya ce bayan ya wuce za a tarwatsa injin, ba mai komawa ba mai sake zuwa. Sai na biyu ya ce a'a biyu Skynet ta turo, sai Dark Fate ya ce ai da yawa ne. In za su yi sabon fim gobe za su ƙaro wasu.

Tunda ana tone-tone bari in ƙara biyu. An ce sai abu mai rai ko wanda aka lulluɓe da tsoka ne ke iya wucewa, shi ya sa suke isowa tsirara ba makami. To T-1000, mugun Terminator ɗin fim na biyu da Robert Patrick ya fito a matsayinsa, ruwan ƙarfe ne zalla, ta ina ya bi? Wasu sun ce an naɗe shi cikin fata ne ya yar da ita da ya iso, wasu sun ce ƙarfen nasa yana iya kwaikwayon tsoka har ya ruɗi injin, fim dai bai nuna ba. Na biyu, a faɗan ƙarshe na fim ɗin 1991 hannun Arnold ya maƙale cikin haƙoran wani inji ya fizge ya bar shi a nan. Sun narkar da tsohon hannu, sun narkar da shi kansa, amma ban ga wanda ya koma ya ɗauko wannan guntun ba. Ni a wajena nan zoben ya sake haɗewa, wani zai zo shara da safe ya tsinta, mu koma gidan jiya.

Mai Shayin Dare ya sake amsawa:

Hannu ba cif ai ƙarfe ne kawai Baban Sadik, Dyson da bakinsa ya nuna cif ɗin ne ya buɗe musu ido duk da a fashe yake. Kar ka ɗora wa guntun hannu abin da ya fi ƙarfinsa.

Ɗan Kurna ya dawo:

Kai jama'a na gode, na zo da tambaya ɗaya zan koma da biyar. Na karanta wa ƙanina duka, ya ce maganar hoto ta kama shi, ya janye kalmar shirme a kan na ɗaya amma sauran yana nan a kan bakansa. Ni kuma ina ganin zan tsaya tsakiya, na farko zobe, daga na biyu zuwa sama mararraba, ko da ba su jitu ba.

Amma ba wanda ya taɓo Genisys na 2015, ko duk kun yafe shi ne? Don can ma akwai abin da ban gane ba. An nuna wani ya turo Arnold zuwa 1973 ya ceci Sarah tana shekara 9 ya raine ta har tana ce masa Pops, da aka tambaye shi wa ya turo shi ya ce an goge wannan daga ƙwaƙwalwarsa, aka bar mu a kan za a faɗa a na gaba, na gaban kuma bai taɓa fitowa ba. Ƙanina ya ce Sarah ce da kanta daga wata hanyar, ni ina zargin Kyle. Baban Sadik kai wa kake gani? Zan duba amsa anjima, cajina saura 4 kuma an ɗauke wuta.