Hedifon na dubu ɗari shida: kuɗin shiru ake biya ko kuɗin suna?

Ummu Sadik, Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan kayan sauti.

Ina koyar da karatun Alƙur'ani ta Zoom. Yawancin ɗalibaina 'ya'yan mutanenmu ne mazauna Ingila da Amurka, don haka aikina daga bayan la'asar yake farawa har dare ya yi nisa. Abin da ya dame ni hayaniya. Maƙwabtan da muka haɗa katanga suna da injin markaɗe, in aka ɗauke wuta kuma sai janareta ya karɓa, nasu da namu. Yaro yana karantawa, ina kasa kunne in ji ko ya ja madda yadda ya kamata ko ya haɗiye gunna, sai in ji ba abin da ke shiga kunnena sai "gurrr". In na tashi daga karatu kaina sarawa yake yi.

Ƙanena da ke aiki a Abuja ya dage sai na sayi hedifon mai kashe ƙara na Sony WH-1000XM5, wai in na sa shi ko rugugin aradu ba zan ji ba. Na aika a tambayo min a kantunan kan Ahmadu Bello Way a nan Kaduna, aka dawo min da kuɗi dubu ɗari shida da ɗoriya. Na Apple ma ko tambaya ban ƙara ba. Yanzu da ɗan iyafis ɗina na dubu goma sha biyar nake lallaɓawa. Ina da kuɗin a ajiye, amma ba tsintarsu na yi ba. Wanda ya taɓa amfani da irin waɗannan masu tsadar ya faɗa min tsakaninsa da Allah: sun ci kuɗinsu?

Ɗan Jirgin Rigasa:

Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara wa karatu albarka. Ni ina da yayansa, XM4, kuma ban taɓa da-na-sanin sayensa ba. Sai dai na saya ne lokacin da ya fito a 2020 a kan dala 350, sa'ilin dala ba ta kai naira 500 ba. Shi XM5 ya fito a 2022 a kan dala 400. Wato a can farashin bai wani tashi ba, nairarmu ce ta zube tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. In kin lissafa dala 400 a kan naira 1,500, dubu ɗari shida ke nan cif, saboda haka mai kanti bai zalunce ki ba.

Yadda abin yake aiki: akwai ƙananan makirufo a jikinsa da ke sauraron ƙarar da ke kewaye da ke, sai na'urar ta ƙirƙiri kishiyar wannan ƙarar ta tura miki cikin kunne, su kashe juna. Ya fi ƙarfi a kan ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa, irin ta inji. Asali ma don matuƙa jirgin sama kamfanin Bose ya fara fitar da shi a 1989. In na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu na danna shi, gurnanin jirgin ɗif yake ɗaukewa, in yi aikina ko in yi barci. Janaretanki zai sha kashi. Kukan yara da hon ɗin Keke Napep kuwa za su rage, amma za ki ji su. Ƙanenki ya zuzuta da maganar aradu.

Mai Gyara, bakin Kasuwar Gumi:

Hajiya, ni daga wajen teburin gyara zan miki magana, domin duk abin da aka saya da murna wurinmu yake ƙarewa.

Abin da Alhaji na sama ya faɗa gaskiya ne, masu tsadar sun fi kashe ƙara. Amma abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne cewa kaya ne mai wa'adi. Batirin ciki irin na waya ne, kullum aka yi caji ƙarfinsa na raguwa, zafi kuma yana ƙara masa saurin tsufa. Ki tuna yadda ɗaki yake a garin nan a watan Maris da Afrilu. Ga katifar kunnen, wadda ake yi da fatar roba: gumi da man shafawa suna cin ta, ta fara saɓulewa, ki cire hedifon ki ga baƙin ɓarɓashi a kumatunki. Da zarar katifar ta huje, iska ta samu hanya, shirun da kika biya kuɗi a kai ya ragu. Ana samun ta canji, amma sai an yi oda, kuma ba kullum ta canjin take kai ta asali ba. Ƙurar hunturu ita ma tana toshe ramukan makirufo. Sannan manyan nan na saman kai, har da XM5 da AirPods Max na Apple, ba a yi su don jure ruwa ko gumi ba, masu yin su ma ba su yi wannan alkawarin ba.

Sai maganar garanti. A Turai in abu ya lalace cikin wa'adi, mayarwa ake yi a canza. A nan yawancin kayan ɗan kasuwa ne ya shigo da su da kansa daga Dubai ko Legas, garantinki shi ne kirkin mai shagon. An sha kawo min mai tsada da mahaɗin wuyansa ya karye, wurin da yake lanƙwasawa ɗin nan, in rasa kayan canji a duk faɗin Kaduna, sai dai mu ɗaure da gam mai shi ya tafi yana jan tsaki. Ba zan kama sunan kamfani ba, don kusan kowane iri na gani.

Ba wai ina cewa ki sayi na dubu takwas a bakin titi ba, araha ba ta ado. Akwai na tsakiya. Soundcore na kamfanin Anker suna da Life Q30 da Space One, duka ba su wuce dala 100 ba lokacin da suka fito, suna kashe ƙara, batirinsu na kai awa 40, alhali XM5 awa 30 ne, AirPods Max kuma awa 20. A kunnena, a kan ƙarar janareta, na tsakiyan nan suna yin mafi yawan aikin. Ɗan abin da ya rage shi ake sayar miki da ƙarin dubu ɗari huɗu da wani abu. In ya mutu bayan 'yan shekaru kuma ba za a yi zaman makoki ba.

Anti Mai Lalle, Unguwar Rimi:

Mazan nan duk sun manta da abu ɗaya, ƙanwata: hijabi. Na ari na maigidan na ɗora a kan hijabi, shirun nan da ake ta yabo rabinsa kawai na samu, saboda sai katifar ta manne da fata take aiki. In kin sa shi daga ciki kuma, ga zafi, ga shi yana danne kitso. Na Apple ɗin nan na ɗaga shi a hannu, nauyi ne da shi, an ce gram 385 ne, Sony kuwa 250. Ki duba masu shiga cikin kunne ɗin nan da su ma suke kashe ƙara, sun fi mana sauƙi.

Amma in ni ce ke, wallahi dubu ɗari shida sola zan nufa da su. Ko ƙaramin batir da fanel da zai riƙe miki kwamfuta da fanka da fitila, kin kashe janareta ɗaya cikin biyun, kin huta da sayen fetur. Kuma don Allah kar a saya ki ba Sadik ya rataya a wuya ya fita da shi, kin san halin da ake ciki da masu ƙwacen waya.

Ɗan Jirgin Rigasa:

Anti, sola ba za ta kashe injin maƙwabta ba ai. Kuma akwai lissafin da ba na aljihu ba. Mutum in yana cikin hayaniya, ƙara sauti yake yi ba tare da ya sani ba don ya danne ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da kunnen babba zai jure lafiya shi ne ƙarar da ta kai desibel 80 a ma'aunin ƙarfin sauti, na tsawon awa 40 a mako, in aka haura haka lokacin raguwa yake yi da sauri sosai. Malama kullum tana cikin abin nan, kuma kunnenta ne jarinta. Ciwon kan da ta ambata ma ina zargin daga nan yake. Wanda zai sa hedifon don ado ko don kallon TikTok, ni ma zan ce masa ɓarnar kuɗi ce. Ita kuwa kayan sana'a za ta saya.

Yaro Mai Situdiyo, Kabala:

Iyayena ku yi haƙuri in sa baki, haɗa sauti nake yi. Akwai wani abu da ya shafi Malama kai tsaye wanda ba a taɓo ba.

Daɗin sautin da ake tallata masu tsadar nan da shi, na sauraro ne kawai. Sony na da fasahar LDAC mai ɗaukar sauti har kilobit 990 a daƙiƙa, wadda ke aiki a wayoyin Android amma iPhone ba ta san da ita ba. To amma da zarar kin shiga Zoom kin kunna makirufon hedifon ɗin, Bluetooth yakan sauka ya koma yanayin kiran waya, sautin ya ƙanƙance ya zama na kira. Wato a daidai lokacin da kike son jin bambancin harafi da harafi, hedifon ɗin dubu ɗari shida yana ba ki muryar da ba ta fi ta na dubu ɗari nisa ba. Shirun yana nan, amma tsabtar muryar yaron ta ragu.

Na biyu, kashe ƙarar nan kunnenki yake yi wa aiki. Ɗalibanki abin da makirufo ya ɗauka suke ji. Masu tsadar suna ƙoƙarin tace murya, ban musa ba, amma makirufon yana can wajen kunne, nesa da baki. Ɗan makirufo na USB da za ki ajiye dab da bakinki ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Da Malama mahaifiyata ce, ga abin da zan haɗa mata: hedifon mai kashe ƙara na tsakiya, a jona shi da kwamfuta ta igiya, don yawancinsu suna zuwa da ita kuma kashe ƙarar na aiki muddin a kunne yake. Sai makirufo daban. A cikin Zoom ta zaɓi hedifon a matsayin lasifika, makirufon USB a matsayin na magana. Sannan ta ce wa iyayen yara su duba saitin sauti nasu, domin matatar hayaniya ta Zoom takan ɗauki dogon sauti a matsayin ƙara ta datse shi. Akwai saitin da aka yi don makaɗa mai barin sauti yadda yake. Mai yiwuwa wata maddar da take ganin yaro ya gajarta, manhaja ce ta cinye.

Ummu Sadik, Tudun Wada:

Ikon Allah. Ɗana mai situdiyo, Allah ya yi maka albarka, akwai wata yarinya a Manchester da nake ta yi wa gyara a kan madda, mahaifiyarta tana cewa ita a gabanta daidai take ja. Yau zan sa su duba saitin. Anti, maganar hijabi ta shige ni, don kuwa akwai yara maza da suka fara tasawa cikin ɗaliban, ba na zama gabansu babu shi. Alhaji na gode, ban taɓa kawo maganar lafiyar kunne a raina ba.

Zuciyata ta karkata ga na tsakiya da makirufo, ragowar kuɗin in ƙara in nemi batir. Ƙanena zai ce na yi rowa, ya daɗe bai faɗa ba. Malam mai gyara, saura tambaya ɗaya: ta yaya zan gane na asali? Ba na son sayen kifi a ruwa.

Mai Gyara, bakin Kasuwar Gumi:

Hajiya, kar ki dogara da kwali. Masu jabu sun ƙware a kwali da leda da lambar jiki, har AirPods na jabu akwai waɗanda suke buɗo hoto a kan iPhone kamar na gaske. Ki sauke manhajar kamfanin a wayarki tun daga gida, Soundcore suna da tasu, Sony ma haka. A shagon ki haɗa hedifon ɗin da ita. Na asali manhajar za ta gane shi da sunansa, ta nuna miki batir, ta ba ki damar canza yanayin kashe ƙara. In mai shago ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, ku yi yarjejeniya a rubuce a jikin rasit cewa in manhaja ba ta gane shi ba zai mayar miki da kuɗinki. In ya ƙi, ki yi gaba.

Ki je da rana lokacin da babu wuta, janaretocin layin duk suna aiki. Ki sa shi yadda za ki riƙa sa shi a gida, da hijabinki, kar ki kunna komai, ki danna kashe ƙara ki saki, ki danna ki saki. In suna da mai tsadar a buɗe ki gwada shi ma a wurin, kunnenki zai faɗa miki ko tazarar ta kai dubu ɗari huɗu. Ki bar shi a kanki kamar minti goma ko fiye, don wasu mutanen yana sa musu jin kamar kunne ya toshe, har da ɗan jiri. Kuma ki tambaye shi tun kafin ki biya ko yana kawo katifar canji ta irin wanda kika zaɓa, da kuɗinta.